Masu Aikin Kwatarniya

Ƙarfe biyun dare kuran ya ɗauke.
Akwatin ɗumi ya yi tari guda, ya yi shiru.
Faranti tara ne a cikinsa,
kowanne da sunansa a baya da jan alƙalami:
kwatarniya ta ɗaya, kwatarniya ta uku,
ramin toka, magudanar bayan majema.
Digiri talatin da bakwai suke so,
Damagaram kuwa yau sanyi take rabawa kyauta.

Sai na kwance maɓallan riga,
na jera su a cikina, na ɗaure da rawanin mai gadi,
na zauna kan benci kamar kaza a kan ƙwai.
Mai gadi ya haska ni da cocila, ya ce,
«Malam Rabe, karatun ne ya kai haka?»

A lakwal yara kan toshe hanci in na shigo.
Ɗan Mato majemi, warin gidansu ya riga shi sallama.
Na sha wanke hannu da toka har ya yi fari,
warin bai bar ni ba.

Baba ba ya duba agogo.
Fata ta kwana a toka, gashi ya saki,
kartaji ya bi ta kansa,
sai ruwan kashin tantabara, kafin bagaruwa.
Ya tsoma gwiwar hannu, ya shinshina, ya ce, «Da saura.»
Wata ran ya ce, «Ya nuna.»
In na ce me ya nuna, ya ce,
«Akwai mai aiki a ciki. Ban taɓa ganinsa ba.»

Bara na kawo shi labo a kan kabu-kabu.
Na ɗiga ruwan kwatarniyarsa a gilashi, na rina,
na ce ya leƙa.
Ya rufe idon da ya kamata ya buɗe,
ya ce gashin idonsa kawai yake gani.
Can sai ya yi tsit.
Ƴan sanduna shuɗaye, kamar karyayyun tsinkayen tsintsiya,
wasu a jere, wasu a ware.
Ya ɗago ya ce, «Su ne?
Shekara arba'in suna yi mini wahala,
ko goro ban taɓa ba su ba.»

Ƙullun masar Inna Cima ma na duba.
Nata masu ƙiba ne, kowace da ɗa a goye,
suna numfashi ƙullu yana tashi.
Ta ce in dai kumburin bai ragu ba,
in kira su yis, in kira su aljanu, duk ɗaya.

Amma magudanar nan tafki take sauka,
tafkin da Zuwaira ƴar maƙwabta ta ɗebo
ranar da famfo ya cika kwana shida bai yi magana ba.
Kwana uku tana zawo.
Ta tashi, amma idonta bai dawo daidai ba har damina.
Abin da na samu a ruwan nan
tsayinsa ɗaya da ma'aikacin Baba.
Ba a gane su a fuska.
Sai ka shuka, ka jira, ka ga abin da kowa ke ci.

Shi ya sa nake zaune, bayana ya sage.

Asalatu. Ƙarar kurar ƴan garuwa ta gangaro daga Birni,
duwatsu sun fara fitowa daga duhu.
Kuran ya dawo, ba ko sannu.
Na kwance rawani.
Takwas sun tsiro, ɗige-ɗige kamar an watsa gero,
ɗaya bai ce komai ba.
A na kwatarniya ta uku, wani ɗigo
ya cinye madarar da ke kewaye da shi,
ya bar zobe garau, ana hango yatsana ta ciki.

Na ɗaga murfi kaɗan, abin da muke hana ɗalibai.
Warin rigar Baba ne.
Na rubuta lamba da kwanan wata,
wurin suna na bar shi fili
sai na je gida na tambaye shi.